Rahoton Aikin Haƙoran Dattawan Unguwarmu a Damagaram

9 Nuwamba 2024

Yau kwamitin lafiya na unguwarmu da ke cikin Birni ya amince a fara aikin taimaka wa dattawan da suka rasa haƙoransu su sami haƙoran roba, kuma an ɗora mini riƙe wannan rahoto saboda ni ne ma'aikacin jinya a cikin kwamitin. Kuɗin zai fito daga gudummawar da magidanta suke bayarwa duk wata, da kuma abin da ƴan unguwa mazauna Yamai da Agadas da Kano suka yi alkawarin turowa. Mun sami wata likitar haƙori da ta yarda ta riƙa ware mana safiyar Asabar, tare da wani mai haɗa haƙoran roba da suka saba aiki tare.

Ba mu sha wahala wajen gano waɗanda za a fara da su ba, domin kowa ya san tsohon da ba ya fita sai da magogin goro a aljihu, kuma kowane gida an san tsohuwar da ta daina taɓa nama da ƙuliƙuli, ta koma fura da koko da tuwo mai ruwa-ruwa. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin rabon tsufa, alhali kuwa cuta ce ta jawo shi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Nuwamban 2022 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 3.5 ne suke fama da cututtukan baki, kuma a cikin masu shekara 60 zuwa sama kusan kashi 23 cikin 100 ba su da haƙori ko ɗaya.

Likita ta kafa sharaɗi tun kafin mu tashi: ba za ta auna bakin kowa don haƙoran roba ba sai bakin ya warke daga duk wata cuta da ke cikinsa. Wasu daga cikinmu sun zaci za a gama komai kafin ƙarshen shekara. Ta ce mu cire wannan daga ranmu.

23 Nuwamba 2024

An yi duba na farko. Kaɗan ne daga cikin dattawan suka zo da baki babu haƙori ko ɗaya. Yawancinsu suna da sauran haƙora masu girgiɗi, da kututturen waɗanda suka karye suka bar saiwa a cikin dasashi, da datti mai tauri da ya daskare a bayan haƙoran gaba na ƙasa, goro da taba gari sun rina shi ya zama baƙi.

Cututtuka biyu ne suka yi wannan ɓarna, kuma ya kamata a rarrabe su domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce ruɓewar haƙori, wadda har yanzu dattawa suke dangantawa da tsutsa. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a cikin yauƙin da ke manne wa haƙori suke cin sukarin da ya shiga baki, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon haƙorin a hankali har kogo ya buɗe, kuma yawan lokutan da sukari ke shiga baki a yini ya fi yawan sukarin kansa illa, abin da ya sa mai zaman shayi daga hantsi zuwa la'asar ya fi mai shan kofi ɗaya bayan cin abinci shiga haɗari. Ta biyu ita ce cutar dasashi, kuma ita ce ta fi cin haƙoran manya. Yauƙin da ba a goge ba yana daskarewa, dasashi ya kumbura ya riƙa zubar da jini, daga nan ƙashin da ke riƙe da saiwa ya fara zaizayewa, har haƙori ya faɗi lafiyayye ba kogo a jikinsa, kamar katangar ƙasa da ruwan damina ya ci gindinta alhali samanta bai tsage ba.

Wani dattijo baduku, wanda ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana ɗinka jakunkuna da layu, ya buɗe baki sai ga wani ɗan gurbi a gefen haƙoransa na gaba, daidai inda yake datse zare da riƙe tsinken fata. Sauran haƙoransa na ƙasa huɗu ne kawai, biyu daga cikinsu fiƙoƙi. Ya ce wa likita, “Ƴata, ki kwashe su duka ki sa mini sababbi, in huta.” Ta ce, “Baba, waɗannan fiƙoƙin biyu sun fi duk abin da zan sa maka daraja, su ne za su riƙe maka na robar.” Ta bayyana masa cewa da zarar an cire haƙori ƙashin wurin yakan fara shanyewa, cewa muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama saurin shanyewa, kuma haƙoran roba na ƙasa ba su da ganɗa da za su manne mata kamar na sama, sai dai su zauna a kan ɗan tudun dasashi, harshe yana ture su ta ciki, kumatu suna ture su ta waje. Bai gamsu ba, amma ya yarda a bar su.

A ganina wannan ita ce babbar gardamar da za mu yi ta yi a wannan aiki. Mutanenmu suna ganin cirewa ita ce ƙarshen wahala, kuma suna zaton haƙoran roba suna tauna kamar na halitta, alhali ƙarfin taunarsu bai kai ko rabin na haƙoran mutum ba.

7 Disamba 2024

Na auna hawan jini da sukarin duk waɗanda ke cikin jerin. An sami wasu da hawan jininsu ya yi sama ƙwarai, da mutum biyu da ba su san suna da ciwon sukari ba, kuma an tura su asibiti kafin a taɓa bakinsu. Ciwon sukari da cutar dasashi suna ƙara wa juna ƙarfi: sukarin da ba a daidaita ba yana sa dasashi saurin ruɓewa da jinkirin warkewa, kumburin dasashi kuma yana sa sukarin ya yi wuyar daidaituwa. Na kuma nemi kowa ya kawo kwalayen magungunan da yake sha, domin akwai masu tsinka jini da dole likita ta sani kafin ta cire haƙori, akwai kuma wasu magungunan hawan jini, irin su nifedifin da amlodifin, da ke sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙora.

21 Disamba 2024

An fara wankin haƙori, wato kankare dattin da ya daskare da na'ura mai feshin ruwa. Nan ma sai da aka yi lallashi. Wata Hajiya ta ƙi zama a kujera saboda maƙwabciyarta ta gaya mata cewa wankin asibiti yana buɗe tsakanin haƙora ya sa su girgiɗi. Abin da ke faruwa shi ne, dattin ya riga ya cike gurbin da ƙashi da dasashi suka bari, har ya ɗaure haƙoran da juna, saboda haka idan aka kankare shi sai giɓin da cuta ta yi tun da daɗewa ya bayyana. Bayan an gama mata, likita ta nuna mata ɓarɓashin da ya fito a kan auduga, wasu kamar tsakuwa, ta riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah! Duk wannan a bakina yake?” An gargaɗe ta cewa za ta ji tsami idan ta sha ruwan randa na ƴan kwanaki, musamman yanzu da hunturu ya kankama.

Game da asuwaki, ba mu ce kowa ya bari ba, kuma da mun faɗa ba wanda zai saurare mu, tun da sunna ce da kowane musulmi ya taso a kanta, ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa amfani da shi tun 1986 a wuraren da aka saba da shi. Matsalar tana wajen yadda ake yinsa. Mutum zai yini da asuwaki a baki yana dirzar haƙoran gaba daga hagu zuwa dama har ya zaizaye wuyansu, amma bai taɓa kai shi cikin haƙoran tauna ko bayan haƙoran ƙasa ba, inda dattin yake taruwa. An nuna musu su tauna bakinsa har ya yi laushi, su riƙa gogewa daga dasashi zuwa bakin haƙori, su bi kowane gefe, su yanke bakin da ya tsufa. An kuma raba buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, domin asuwaki yana cire datti amma ba ya ba haƙori kariyar da fuloraid ke bayarwa. Ƙa'idar ita ce sau biyu a yini, na dare kafin barci shi ne mafi muhimmanci, minti biyu, a tofar da kumfar, kada a kurkure da ruwa nan take. Wannan na ƙarshen ya yi wa kowa baƙo.

11 Janairu 2025

Cire haƙoran da ba su da sauran amfani ya ɗauki Asabar da dama, domin likita ba ta cire wa tsoho da yawa a zama ɗaya. Ana yin allurar kashe zafi, a sassauta haƙorin, a zare shi, a ɗora auduga a ce mutum ya cije ta kamar rabin awa. Umarnin da muke maimaita wa kowa da mai rakiyarsa shi ne: a ranar farko ba kurkure baki, ba yawan tofar da yawu, ba shayi mai zafi, ba taba, domin gudan jinin da ya daskare a cikin ramin shi ne murfin da naman zai warke a ƙarƙashinsa. Daga washegari sai a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da aka sa wa rabin ƙaramin cokali na gishiri. Masu tambaya game da alwala, mun ce su kai ruwa baki a hankali su bar shi ya zuba, kada su wujijjiga shi.

Mutum ɗaya ya dawo a kwana na uku da zafi mai tsanani da ke harbawa har kunne, bakinsa yana wari. Ya koma ga tabarsa ta gari tun a daren da aka cire haƙorin, gudan jinin ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. An wanke ramin, an sa masa magani a ciki, zafin ya lafa, amma warkewarsa za ta ja baya.

Abin da muka gani a bakunan mutane na maganin gida ya isa a rubuta shi. Akwai wanda ya danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi har wurin ya ƙone ya yi fari, akwai masu ɗiga turare ko man fetur a cikin kogo, kuma kusan kowa ya taɓa sayen kafso a hannun masu tallar magani ya sha na kwana biyu ya bari. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ba ya hana ruɓewa ci gaba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba ya warkar da ciwon haƙori, domin jini ba ya kai shi cikin haƙorin da jijiyarsa ta mutu. Dole a cire haƙorin ko a wanke cikinsa. Inda ake buƙatar wannan maganin da gaggawa shi ne idan fuska ta kumbura, zazzaɓi ya zo, ko haɗiya da buɗe baki suka gagara, kuma wannan na asibiti ne a ranar, ba na jira ba.

1 Faburairu 2025

An shiga ciko. Inda kogo bai yi zurfi ba, likita tana amfani da wata hanya da aka fara gwadawa a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, wadda ba ta buƙatar injin huda haƙori: ana kankare ruɓaɓɓen wurin da ƴan ƙarafan hannu, a cike shi da wani farin siminti da ake kira gilas-ayonoma, wanda ke manne wa haƙori yana kuma sakin fuloraid a hankali. Ranar da aka ɗauke wuta ma aiki bai tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti a jerin muhimman magungunanta a 2021. Baƙin cikon nan na da, wanda ake haɗawa da zaiba, yana da ƙarko, amma ƙasashe suna rage amfani da shi tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba. Wanda yake da shi a baki kuma bai tsage ba, babu dalilin da zai sa a tone shi.

Ɗaya daga cikin fiƙoƙin Baba baduku ruɓewa ta kai jijiyarsa. Da haƙorin baya ne da an cire, amma tun da shi ne zai riƙe haƙoran roba, kwamiti ya yarda a biya kuɗin wanke saiwa, wato a cire matacciyar jijiyar, a wanke ramin saiwar, a toshe shi, sannan a cike saman. An ɗauki hoton haƙorin kafin aikin da bayansa. Ya fi cirewa tsada nesa ba kusa ba, kuma na goyi bayan a kashe kuɗin.

22 Faburairu 2025

An ɗan sami saɓani a taron kwamiti, domin wasu masu ba da gudummawa suna ganin wata huɗu ke nan ana karɓar kuɗi ba a ga haƙori ko ɗaya a bakin kowa ba, sai ma raguwa da suka yi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. An yi musu bayani cewa dasashi yana ci gaba da motsewa sosai a watannin farko bayan cirewa, kuma abin da aka auna yau ba zai zauna daidai ba bayan wata biyu. An yanke shawarar raba mutanen gida biyu: waɗanda giɓinsu ya daɗe za a auna su yanzu, waɗanda aka cire wa a Janairu su jira bayan ƙaramar salla.

An auna rukunin farko yau. Ana kwaɓa wani gari da ake kira aljinat, a zuba a wani ɗan faranti mai siffar muƙamuƙi, a danna a baki har ya kama, sannan mai haɗawa ya zuba filasta a ciki ya fitar da siffar bakin. Masu jin amai an ce su sunkuyar da kai su yi numfashi ta hanci.

20 Maris 2025

Yau ce ranar lafiyar baki ta duniya, kuma ta faɗo cikin azumi, saboda haka mun bar dattawa su huta muka nemi a kawo jikokinsu. Ba ya cikin tsarin aikin tun farko, amma bayan abin da muka gani a bakin kakanni, kwamiti ya ga bai dace a bar yaran gidajen ba tare da an duba su ba.

Abin da ya fi damun likita shi ne haƙorin tauna na farko na dindindin, wanda ke fitowa a bayan haƙoran nono wajen shekara 6 ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye suna ɗaukarsa ɗaya daga cikin haƙoran nono 20 da za su fita, sai su bar shi ya ruɓe, alhali yana cikin 32 ɗin da yaro zai tsufa da su. An nuna wa iyaye mata yawan man da za a sa: kamar ƙwayar shinkafa ga yaron da bai kai shekara 3 ba, kamar ƙwayar wake daga 3 zuwa 6, babba yana tsaye a kansa don kada ya haɗiye. Man da ake so shi ne mai fuloraid tsakanin 1000 da 1500 a ma'aunin da ake kira ppm, kuma ana rubuta adadin a jikin kwalin. Wata uwa ta tambaya ko ba wannan sinadarin ne ya nakasa yara a Tibiri ta jihar Maraɗi ba. Shi ne, amma a can yana cikin ruwan sha ne da yawan da ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, yara suka yi shekaru suna sha har ya shiga ƙasusuwansu. Wanda ke cikin man goge baki tofar da shi ake yi.

Mun kuma yi magana a kan cutar noma, wadda a nan Damagaram ba labari ba ce, tun da ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiyar kula da yaran da ta kama a garin nan tun farkon shekarun 1990. Tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta raunana, kuma tana farawa ne da abin da ake rainawa: dasashi mai jini, warin baki, yawan dalala, sannan kumburin kunci. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, amma idan aka yi jinkiri tana cinye leɓe da kunci cikin kwanaki, kuma yawancin yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa. A Disamban 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. An sami yaro ɗaya da dasashinsa ke jini yana kuma da rama, kuma an tura shi asibiti a ranar.

12 Afrilu 2025

Gwajin kaki. Mai haɗawa ya jera haƙoran a kan kaki domin a gwada a baki kafin a dafa robar, tun da bayan an dafa gyara ya yi wuya. Ana duba yadda sama da ƙasa suke haɗuwa, da yadda leɓe yake zama, a sa mutum ya yi magana. Wani liman da ke cikin rukunin ya gwada nasa da karatu, domin damuwarsa duka ita ce haruffan da suke fita tsakanin harshe da haƙora.

Kowa ya so mafi fari. Likita ta shawo kan mafi yawansu su ɗauki launin da ya dace da shekarunsu da sauran haƙoransu. Hajiya kuwa ta dage sai an bar mata wushiryarta, ta sa aka ɗauko tsohon hotonta na zuwa Makka don a gani, kuma an bar mata.

3 Mayu 2025

Rukunin farko sun karɓi haƙoransu. An zaunar da kowa tare da wanda ke kula da shi a gida, domin mafi yawan aikin daga yau a hannunsu yake.

A makonnin farko yawu zai yawaita, magana za ta ɗan canza, kuma abinci sai mai laushi, a yanka ƙanana, a tauna ta ɓangarori biyu a lokaci ɗaya don kada haƙoran su ɗaga ta gefe guda. Ba a gatsa goro da haƙoran gaba. Mun ce kada kowa ya yar da magoginsa. Bayan kowane cin abinci a cire a ɗauraye, sau ɗaya a yini kuma a wanke da buroshi mai laushi da sabulu marar ƙamshi, ba da man goge baki ba, ba da toka ko gawayi ba, domin suna karce robar, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. A yi wankin a kan kwano mai ruwa ko a kan zane, saboda faɗuwa ɗaya a kan siminti tana raba su biyu. Da dare a cire, a sa a ruwa, a goge dasashi da harshe da ganɗa da sauran haƙoran da suka rage, musamman inda ƙarfen da ke riƙe robar ke kamawa, domin a nan ruɓewa take fara kama su.

Zafin bazara da ƙarancin ruwan famfo sun sa mun ƙara wasu abubuwa da ba a rubuce suke ba. Ruwan zafi yana lanƙwasa robar, kuma ruwan buta da ya yini a rana a wannan wata ya isa a yi hattara da shi, saboda haka a ɗebo daga randa. Wankin ba ya cin fiye da moɗa ɗaya, ko da gidan da ke sayen ruwa a hannun ƴan garuwa. An ba kowa ƙaramar roba mai murfi, don kada a kunsa haƙoran a ƙyalle ko a tura su ƙarƙashin matashi su bushe, kuma don kada jikoki su mayar da su abin wasa. Masu ƙarfe a jikin nasu an hana su jiƙawa a ruwan jabel mai sa tufafi fari, domin yana cin ƙarfen.

24 Mayu 2025

Kusan kowa ya dawo da wurin da ke gurzarsa, kuma haka ake sa rai. Likita tana shafa wani farin abu a cikin robar, ta mayar a baki, ta ga inda ya goge, ta kankare daidai wurin. Mun roƙi mai jin ciwo ya daure ya sa haƙoran tun safe a ranar da zai zo, domin idan ya ajiye su kwana uku gyambon ya warke, ba a gane inda za a rage. Wani ya riga ya kai nasa wajen maƙeri an goge masa da zarto, an rage gefen da ke riƙe su, yanzu sai an yi musu sabon ciki.

Ziyarar gida ta nuna cewa mata sun fi kiyaye wanki, amma su ne suka fi ƙin cirewa da dare, saboda kunyar a gan su ba haƙora. Ɗaya ta riga ta sami jan ganɗa daidai siffar robar, alamar ƙwayar kandida da ke yaɗuwa a ƙarƙashin haƙoran da ba a cirewa. Ba ta jin zafi, shi ya sa ba ta kula ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan: wani bincike da aka yi a Japan kan tsofaffi masu shekara 85 zuwa sama, aka wallafa a 2015, ya gano cewa masu kwana da haƙoran roba sun ninka masu cirewa haɗarin kamuwa da ciwon huhu mai tsanani. Na ce mata, “Inna, ki cire bayan kin kashe fitila, ki mayar kafin asuba, ba wanda zai gani.” Ta ce za ta gwada.

14 Yuni 2025

Sallar layya ta gwada aikin. Baba baduku ya ci soyayyen nama a karon farko cikin shekaru, an yanka masa ƙanana, kuma haƙoransa na ƙasa ba su motsa ba. Waɗanda ba su da ko ɗaya a ƙasa har yanzu suna kokawa, biyu daga cikinsu suna cire na ƙasan idan za su ci abinci. Likita za ta sake duba zamansu, ta kuma ce wasu sai sun yi watanni kafin harshe da kumatu su koyi riƙe su. Mutum ɗaya ya ja kilishi da haƙoran gaba, na saman suka tsage, ɗansa ya liƙe su da gam mai kamawa nan take. Gam ɗin ya sa ɓangarorin sun haɗu a karkace, ya kuma ɓata bakin tsagar, don haka mai haɗawa ya ce sai dai a sake, kuma kwamiti zai zauna a kan wanda zai biya.

Rukuni na biyu an gama auna su, gwajin kakinsu yana ranar 28 ga wannan wata. Akwai dattijo ɗaya mai taba gari da gyambon gefen harshensa bai warke ba bayan mako uku da gyara masa robar, kuma an rubuta masa takardar zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram domin a bincika. Na karɓi haƙoransa na ajiye har sai sakamako ya fito. Za a sake duba rukunin farko a Nuwamba, lokacin da ake sa ran wasu za su buƙaci a ƙara wa robar ciki saboda motsewar dasashi, kuma kuɗin wannan ba ya cikin lissafin da muka yi a bara, don haka na sa shi a gaba a taron wata mai zuwa tare da batun sayen buroshin yara kafin a koma lakwal a Oktoba.